Rahoto Daga Amurka: Yadda Asibitin Koyarwa Ke Tattara Bayanan Bincike a Ofis Ɗaya

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya tare da iyali da sauran abokan aiki na asibitin koyarwa da ke Shika da jami'ar da ke Samaru a Zariya. Kun nemi in bayyana muku yadda ake tafiyar da bayanan bincike a asibitin koyarwar da nake aiki a nan Amurka, da kuma abin da zai yiwu a ɗauka daga ciki a gida, to ga abin da na gani da idona.

A nan akwai ofis guda ɗaya da dukkan masu bincike na asibitin da na tsangayar likitanci ke zuwa idan suna buƙatar bayanan marasa lafiya. A cikinsa akwai masu kula da rumbun bayanai, da masu rubuta manhaja, da masana ƙididdiga, da wasu waɗanda aikinsu shi ne su zauna da likita su taimaka masa ya mayar da tambayarsa abin da kwamfuta za ta iya amsawa. Idan likitan yara yana so ya san ko akwai isassun masu sikila da aka ɗora a kan maganin hydroxyurea da za a iya yin nazari a kansu, ba ya taɓa fayil ko ɗaya. Yana shiga wata manhaja mai suna i2b2, wadda aka ƙirƙira a asibitocin da ke haɗe da Jami'ar Harvard, ya zaɓi cutar da shekarun da maganin, sai ta ba shi adadi kawai, babu suna babu lambar kati. Idan adadin ya ishe shi, sai ya kai takardarsa gaban kwamitin ɗa'ar bincike, kuma sai kwamitin ya amince sannan wani ma'aikacin ofishin, wanda ba ya cikin masu binciken, ya ciro bayanan ya miƙa masa. Dokar HIPAA ta 1996, wadda ta tanadi kare sirrin bayanan marasa lafiya a Amurka, ita ce tushen wannan tsari, kuma ƙa'idojinta sun lissafa abubuwa 18 da ake gogewa kafin a ce an ɓoye mai bayanin, ciki har da suna da lambar waya da adireshi da cikakkiyar ranar haihuwa.

Ba haka suka taso suka tarar ba. Tsofaffin ma'aikata suna ba da labarin lokacin da kowane sashe ke riƙe da nasa a kwamfutarsa, kamar unguwar da kowane gida ya haƙa rijiyarsa babu mai ɗiba a ta maƙwabci. Abin ya sauya ne bayan hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato NIH, ta fara wani shirin tallafi a 2006 wanda ke ba jami'o'i kuɗin gina hidimomin da kowane mai bincike zai amfana da su, sannan wata doka ta 2009 ta zuba kuɗi don asibitoci su bar takarda su koma kwamfuta.

Abin da na fi so ku lura da shi shi ne manhajar REDCap. Paul Harris ne ya fara ta a Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville a 2004, kuma ana ba cibiyoyin da ba na neman riba ba kyauta, da sharaɗin cibiyar ta sa hannu a yarjejeniya ta kuma ɗora ta a kan sabarta, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayananta. Da ita ake tsara fom ɗin tattara bayanai, ana iya hana ta karɓar shekarun haihuwa ko nauyin da hankali ba zai ɗauka ba, tana kuma rubuta wanda ya shigar da kowane abu da wanda ya sauya shi da lokacin da ya yi. Tana da manhajar waya da ke aiki ko babu intanet, a tura bayanan daga baya, wanda ya dace ƙwarai da aikin da ake fita yi a ƙauyukan Giwa ko Soba.

Idan na kwatanta da abin da muka sani a asibitocinmu da yawa, abin da ke damuna shi ne asarar wahalar mutane. Likitan da ke neman ƙwarewa zai shafe watanni a ɗakin kati yana zaƙulo fayil ɗaya bayan ɗaya, ya kwafe abin da ya samu a kwamfutarsa ta hannu, ya rubuta kundinsa, ya ci jarrabawa. Daga nan bayanan sun tafi tare da shi duk inda aiki ya kai shi, kuma wanda ya zo bayansa da tambaya makamanciya zai koma ɗakin katin ya fara daga farko. Gaskiya ne Najeriya na amfani da manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar haɓaka ta, amma abin da aka fi turawa cikinta jimillar wata-wata ce, wadda ke amfanar ma'aikatar lafiya wajen tsare-tsare, ba ta nuna yadda jikin mutum ɗaya ya kasance daga shekara zuwa shekara.

Tsarin nan ma yana da nasa naƙasu. Manhajar Epic, wadda manyan asibitoci da yawa ke ajiye bayanan jinya a cikinta, tana da tsadar da ban ga dalilin da zai sa mu yi tunaninta ba. Ofishin da nake magana a kai yana cajin masu bincike kuɗin awa idan aikin ya yi yawa, don haka mai babban tallafi ya fi ƙaramin malami samun biyan buƙata, kuma layin jira yakan yi tsawo. Sannan yawancin lambobin da ke nuna cutar majiyyaci an shigar da su ne domin kamfanin inshora ya biya kuɗi, shi ya sa mai bincike mai hankali yakan koma ya duba wasu fayiloli da kansa kafin ya yarda cewa duk wanda aka rubuta wa ciwon suga yana da shi.

A ganina, Malam, abin da ya kamata a fara da shi a Zariya shi ne mutane. Sabar ɗaya mai matsakaicin ƙarfi, da sola da inbata, da kwafin ajiya a wani gini daban, duk ana iya samunsu, kuma Cibiyar Iya Abubakar da ke Samaru tana da masana kwamfuta da za a iya haɗa hannu da su. Abin da ya fi wuya shi ne a samu ma'aikata uku ko huɗu da ke kan albashin dindindin, waɗanda aikinsu ba zai ƙare ranar da tallafin wani bincike ya ƙare ba, domin a hannunsu ne sanin inda kowane abu yake zai zauna. Bayan su sai lambar kati guda ga kowane majiyyaci, wadda ɗakin gwaji da ɗakin magani da ɗakin hoto duk za su yi amfani da ita. Wannan ya fi zama dole a wurinmu, inda mutum ɗaya zai iya fitowa a Muhammad yau, gobe Mohammed, jibi Mamman, kuma dattawa da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, ta yadda haɗa bayanai da suna kaɗai zai riƙa raba mutum ɗaya gida uku ko ya haɗe mutum uku wuri ɗaya.

Na san manyan malamai za su ji tsoron kada abin da suka sha wahalar tarawa ya faɗa hannun wani ya buga da sunansa, kuma tsoron yana da dalili. Maganinsa rubutacciyar ƙa'ida ce tun kafin a kunna sabar: wa ke ba da izini, tsawon wane lokaci wanda ya tara bayanin zai riƙe shi shi kaɗai, da yadda za a sa sunansa idan wani ya yi amfani da shi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 da ƙa'idojin kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa sun ba da ginshiƙin da za a ɗora wannan a kai, kuma ƙa'idar ce za ta ba mu bakin magana idan abokan hulɗa na waje suka nemi a tura musu bayanan mutanenmu.

Da za a nemi shawarata, da sikila zan ce a fara, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, masu ita kuma suna dawowa asibiti shekara da shekaru. Aikin da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi da Vanderbilt kan hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila ya nuna cewa bincike daga Arewa na iya kai wa ga duniya. Idan kun ga dacewar haka, ku haɗa ni da shugaban sashen ajiye bayanai da likita ɗaya daga asibitin masu sikila, mu zauna ta intanet mu tsara fom na farko, ni kuma zan ɗauki nauyin koyar da waɗanda za su riƙa shigar da bayanan. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.