Gargaɗi ga masu neman dashen fulam: akwai masu auren ƙarya a intanet

Jama'a don Allah duk mai niyyar sa bishiyar fulam (wato plum da Turanci) a gidansa ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi, ni dai an riga an damfare ni kuma ba na so wani ya faɗa.

Wani shafi na gani mai hotunan bishiyoyi 'yan gajeru a cikin bokiti sun yi 'ya'ya jingim kamar reshen zai karye, wai dashe ne mai aure, wato an haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani itace, irin Santa Rosa, kuma wai wata 6 kacal zai fara 'ya'ya ko a ina ka shuka shi. Na yi oda guda 4, mai shafin ya ce sai an biya duka kafin a turo, na biya. Da kayan suka iso ɗaya tun a kwali a bushe yake, na kankare ɓawon da farce na ga ciki ruwan ƙasa maimakon kore, ya ce wai barci yake yi zai farfaɗo. Gaskiya ne fulam yana zubar da ganye ya kwanta lokacin sanyi, amma mai rai in ka kankare shi kore shar za ka gani da ɗanshi. Wannan matacce ne kawai.

Sauran ukun kowanne an naɗe shi da leda a ƙasa wajen gindi, ya ja min kunne kar in kwance sai bayan wata 6. Wata 4 ina ban ruwa safe da yamma, sai na ga ledar ta fara cin jikin itacen, na warware a hankali, wallahi jikina ya yi sanyi. Babu aure ko kaɗan. Wuƙa kawai aka sa aka ɗan tsaga ɓawon aka naɗe, itace ɗaya ne tun daga saiwa har sama. Aure na gaske za ka ga ɗan kumburi ko lanƙwasa inda itace biyu suka haɗe suka warke, sau da yawa ma launin ɓawon sama da na ƙasa ba ɗaya ba. Waɗanda aka turo min daga ƙwallo suka tsiro, shi kuwa na ƙwallo ba lallai ya gaji uwarsa ba, sai ka shekara da shekaru kana jira ƙarshe wataƙila ya ba ka 'yan ƙanana masu tsami. Ko mai auren gaske ma sai ya yi kamar shekara 3 zuwa 5 kafin ya fara ba da abin kirki, to ina maganar wata 6? Na tura masa hoto, ya karanta, ya yi bulokin ɗina.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wancan "ko a ina" ɗin, don ƙarya ce da za ta cuci mutane da yawa. Fulam yana buƙatar awoyin sanyi, wato lokacin da ma'aunin zafi yake tsakanin digiri 0 zuwa 7 na Celsius, kafin ya yi fure yadda ya kamata. Irin na Turai kamar Stanley da Victoria suna son sanyi mai tsawo, irin na Japan kamar Santa Rosa da Methley nasu bai kai haka ba, akwai kuma waɗanda Jami'ar Florida ta fitar don wurare masu ɗumi irin su Gulfbeauty da Gulfblaze. In wurinka bai samun sanyin da irin yake so, ganye kawai za ka ta kallo. Sannan yawancin na Japan sai da wani iri daban a kusa mai fure lokaci ɗaya kafin ƙudan zuma su yi musu barbara, kuma na Turai ba ya yi wa na Japan wannan aikin. Mutumin nan ko sau ɗaya bai tambaye ni yanayin wurina ba.

Don haka kafin ka biya tambaye shi sunan irin da sunan gindin da aka yi auren a kai, ko Myrobalan ne ko St Julien, mai sana'ar gaske ba zai yi inda-inda ba. Ka ce ya yi maka bidiyo na wanda zai turo maka ɗin, ya nuna wurin auren ba leda, ya nuna saiwa. In ka ga ƙulli kamar ƙari a saiwar ko ganye mai zobe-zobe rawaya ka bar masa kayansa, wannan zoben yana iya zama cutar sharka, ba ta da magani kuma ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye suna kai ta kan sauran bishiyoyinka.

Shafin ya canza suna yanzu amma hotunan su ne dai, har da bokitin nan shuɗi mai tsaga a baki. In kun ci karo da shi ku yi rifot, kar ku tura ko sisi.