Gargaɗi ga mutanen Tawa: hattara da masu ɗaukar 'yan mata "aiki" zuwa Libiya

Assalamu alaikum jama'ar Tawa da ƙauyukan Adar, musamman iyaye mata. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai yi boko ba.

Akwai masu bin gida-gida suna neman 'yan mata da zawarawa, wai za su sama musu aikin wanke-wanke ko na gidan abinci a Libiya ko Aljeriya. Galibi mace ake turowa, mai shiga ta mutunci, lalle a ƙafa, zinariya a hannu, wadda ta san har sunan kakarki. Ba ta fara da zancen aiki. Barka za ta zo, ko ta'aziyya, ta ajiye ɗan sabulu da turare, kunnenta a buɗe: wace ce aurenta ya mutu, wane gida ne hatsi ya ƙare tun kafin damina ta faɗi. Sai a zuwa na gaba ta ja uwa gefe ta ce, "Inna, ki ba ni yarinyar nan, kuɗin mota ni zan biya, in ta fara aiki ta maida mini. Amma kada ki faɗa wa kowa, kin san bakin mutane."

A cikin wannan magana tarkon yake. Kuɗin motar nan bashi ne da ba a rubuta ba, kuma ba ya biyuwa. Ana isa Agadas za a karɓe wayar yarinyar da katin ɗan ƙasa, wai don kada su ɓace a hanya. Daga nan a loda su a bayan Hilux, a bi ta Dirku zuwa Gatrun da Sabha, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, kowa na ɗora nasa kuɗin a kanta. Masu zuwa biɗa sun san abin da ake kira gidan bashi, ku tambaye su. Abinci bashi, ɗaki bashi, maganin ciwon kai ma bashi. Aikin da aka alkawarta babu shi, maza ake shigo mata da su, kuɗin kuma a hannun mai gidan yake tsayawa. Wasu ma ba a ketare iyaka da su, wuraren haƙar zinariya irin su Jado ake kai su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kuɗin farko. Bayan 'yan makonni sai a aiko wa uwar 'yan jikkuna, haɗe da saƙon murya: "Inna lafiyata lau." Ana tsaye a kanta ta faɗi haka. Uwa ta ɗauki kuɗin ta nuna a wurin adashi, maƙwabta su ji sha'awa, su da kansu su je neman Hajiya ta ɗauki tasu 'yar. Tallan ke nan, mu muke yi mata shi kyauta.

Wani lokaci kuma da rigar aure suke zuwa. Yankinmu ya san wahaya, wato sayen yarinya a ajiye ta baiwa da sunan mata ta biyar, tsakanin Ƙonni, Madawa da Illela. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahaya a kan jikka 240, kuma a 2008 kotun ECOWAS da ta zauna a Yamai ta ɗora wa gwamnatin Nijar laifin rashin kare ta. Ƙungiyar Timidria na cikin waɗanda suka tsaya mata. Tun Disamban 2010 ƙasar nan tana da dokar yaƙi da fataucin mutane: ɗaurin shekara 5 zuwa 10, in yarinya ce ƙarama 10 zuwa 30. Cewar "ai da yardarta ta tafi" ba ta wanke wanda ya yaudare ta.

Duk wadda ta zo da irin wannan tayi, a ce mata a tafi gaban mai unguwa da liman ta maimaita, ta faɗi sunan gidan da za a yi aikin da garin da yake, ta ba da takardarta a gani. Mai gaskiya za ta je. 'Yan fada da masu kabu-kabu, ku ne a bakin tasha: in kun ga mace ɗaya da tarin 'yan mata, ita ke riƙe da katunansu, ita ke amsa duk tambayar da aka yi musu, ku kira 17 ko ku sanar da jandarma kafin mota ta tashi.

Waɗanda Allah ya kuɓutar suka dawo kuma, a daina nuna su da baki a wurin biki. Su ne suka san fuskar matar da gidan da aka sauke su a Agadas, kuma tsoron gori ne ke sa su yin shiru. A raka su asibiti, a raka su kwamisariya, shaidarsu ta isa hannun hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa (ANLTP) da alƙali. Mai 'yar da ta tafi kuma aka daina jin muryarta, kada ya jira kaka, ya kai ƙara yau da lambar wayar da aka kira shi da ita da takardar kuɗin da aka aiko.