Kallo a fada ko kai kaɗai a waya?

Mutane sun dame ni da tambaya, wai wanda zai fara dogon shirin bincike irin mai zango da yawa, wanda sai can ƙarshe ake gano mai laifi, a fada, wato majalisar abokai ta shan shayi, ya kamata ya kalla ko shi kaɗai?

Ta wajen kuɗi fada ta fi sauƙi, mutum ɗaya ya sauke a kati kowa ya samu, kai kaɗai kuwa forfe ɗinka na intanet ne zai ƙare kuma in kuran ya ɗauke caji ma aiki ne. Amma haɗarin fada babba ne wallahi, a Maradi kowace fada akwai wanda ya riga ya gani, ana shan shayi sai ya ce ku lura da wancan tsohon, shi ke nan ya kashe maka shirin gaba ɗaya, wannan firgitar ta farko ba ta dawowa. A waya kana iya komawa baya ka sake duba alamar da ta wuce ka. Sai dai gardamar wa ya aikata, a fada take daɗi.

Mai son hasashe da musu ya je fada, in duk 'yan fadar ba su taɓa ganin shirin ba. Wanda ba ya son a ɓata masa ya sa abin kunne ya kalla shi kaɗai.