Marantz CD-94, tsohon kaya mai sauti amma sai mai iya riƙonsa

Jama'a masu tambaya ta a kan tsohuwar na'urar sidi da ke falona, Marantz CD-94 ce, ƙirar Japan ta wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin kamfanin yana hannun Philips na ƙasar Holan. Ta hannu na saya a nan Bauchi wajen masu kayan Beljiyam, ga nauyi ga katako a gefe da gefe, kana ɗagawa ka san an kashe mata kuɗi lokacin da aka ƙera ta.

Sauti dai gaskiya ban da abin cewa. Na haɗa ta da amfilifaya da sifika biyu na sa faifan kiɗan kalangu, wallahi kana jin lokacin da makaɗin ya matse tsarkiya muryar gangar ta hau sama sannan ya saki ta sauko, 'yan amshi kuma suna can baya ba su danne mai waƙa ba, kowa da wurinsa. Karatun Alƙur'ani ma haka, har numfashin da mai karatu yake ja tsakanin aya da aya yana fitowa. Wannan faifan na sa shi a irin DVD ɗin nan marasa nauyi da ake sayarwa a Wunti, ƙara akwai amma saman sautin yana da kaifi, kafin wani lokaci kunne ya gaji. Ita wannan ko ka wuni kana ji ba ta gundurarka. Abin da ke jawo haka mafi yawa ai-si ɗin da ke juya lambobin faifai zuwa sauti ne, TDA1541A na Philips, wanda har yau masu harkar suke nemansa ido rufe, shi ya sa ma jabu ya yi yawa, ana buga masa tambarin kambi na ƙarya, wato alamar da Philips ke sa wa zaɓaɓɓun cikinsu, a sayar da tsada. Sai kuma taransifoma mai kyau da aka sa mata. In ba haka ba ai faifan sidi ɗaya ne ko'ina, bit 16 da samfuri 44,100 a daƙiƙa, tun 1982 da Sony da Philips suka fito da shi bai canza ba.

To amma maganar riƙo, nan ne aikin yake, kuma nan nake so a saurare ni. Kayan da ya haura shekara 30 dole ya nemi gyara. Tiren da faifai ke shiga da robobi yake aiki, su kuma sun saki tuntuni, sai ka danna ya fito rabi ya tsaya ko ya shiga ya ƙi kama faifan, wannan ba wani babban abu ba ne, canjin roba ne da ɗan maiko. Kafasitoci, wato 'yan ƙananan kayan da ke tara wuta a cikin na'urar, sun fi ba da wahala don suna bushewa, zafin Bauchi na watan Afrilu kuma ba ya raga musu, sai na'urar ta riƙa jinkirin karanta faifai ko ta yi tsalle tsakiyar waƙa. Da yawan masu gyaranmu da sun ga haka sai su ce ido ne ya mutu, wato abin da ke haska faifai ya karanta shi, su kai sukudireba kan ɗan abin da ke ƙara wa ido wuta su murɗa, ta yi aiki na ɗan lokaci sannan idon ya ƙone gaba ɗaya. Don Allah kada ka yarda a taɓa maka wurin nan sai da mitar awon wuta ta masu gyara. Idon da ke cikinta CDM-1 ne, irin mai hannu da ke lilo, yana da ƙarko sosai amma an daina yinsa, in ya tafi sai dai a ciro daga wata na'urar. Wani dattijo mai gyaran rediyo na kai wa tawa, Allah ya saka masa, ya zauna ya canza kafasitoci ya bi wuraren da dalma ta tsage ya sake ɗaurawa, idon ko auduga kawai ya sa ya goge a hankali.

Ƙurar hunturu kuma ku rufe ta da ƙyalle in ba a amfani, kada a bar tire a buɗe. Wuta ma sai da sitabilaiza, ni ba na jona ta da ƙaramin janareta sam. Kuma kafin ka saka a soket duba bayanta, wadda aka yi don kasuwar Japan 100V ce, ta Amurka 120V, mu kuma 230V muke da shi, ba tare da sitef-dawun mai rage ƙarfin wuta ba hayaƙi kawai za ka gani.

Ba ta cin MP3, ba wurin filash, faifan da ka ɗura a kwamfuta ma sai in an yi shi a matsayin sidin sauti. Wanda waƙoƙinsa duk a waya suke gaskiya ya bar kuɗinsa. Amma mai faifai na asali a ajiye, in ka samu wadda ke karanta faifai nan take ba jinkiri, ka gwada waƙar farko da ta ƙarshe a gaban mai kayan, in duk sun tafi lafiya ka saya, sannan ka ware kuɗin roba da kafasita tun daga ranar.