SpaceEngine: Manhajar da ke Kai Mutum Bakin Baƙin Rami

Wanda ya karanta cewa nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci, kamar yadda Albert Einstein ya bayyana a 1915, yakan karɓi maganar ba tare da ya iya hasko ta a zuciyarsa ba. Wannan giɓin ne manhajar SpaceEngine take cikewa. Vladimir Romanyuk, ɗan ƙasar Rasha, shi ne ya ƙirƙire ta, kuma tun 2019 ake sayar da ita a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, ga masu kwamfuta mai Windows.

Aikinta shi ne ta bar mutum ya yi shawagi a sararin samaniya yadda ya ga dama, amma a wajen baƙaƙen ramuka, wato wuraren da ƙarfin jan nauyinsu ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsu, ta fi nuna gwaninta. Idan ka nufi Sagittarius A*, ramin da ke tsakiyar tarin taurarinmu, wanda nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 4, za ka ga taurarin da ke bayansa suna karkacewa, suna rabuwa biyu, har su zama zobe, domin haskensu ba ya iya wucewa kai tsaye. Faifan iskar gas mai zafi da ke kewaya ramin shi ma yakan bayyana ta sama da ta ƙasa a lokaci guda, saboda hasken ɓangaren da ke ɓoye a baya yana lanƙwasowa ya iso ido. Yayin da faifan ke juyawa, gefen da ke tahowa wajen mai kallo ya fi wanda ke tafiya haske, abin da aka gani a hoton wani baƙin rami mai suna M87* da masana suka fitar a Afrilun 2019. Manhajar tana bin lissafin Roy Kerr na 1963 game da rami mai juyawa, wanda ya fi dacewa da zahiri fiye da na Karl Schwarzschild na 1916, mai magana kan rami marar juyi. A ganina, malamin kimiyya zai amfana da wannan ɓangare fiye da kowane zane a allo.

Sai dai akwai abin lura. Mafi yawan taurari da duniyoyin da ke cikinta kwamfuta ce ke ƙirƙirarsu bisa ƙa'idojin lissafi, kuma sunayen irin waɗannan taurari sukan fara da RS, don haka bai kamata ɗalibi ya ɗauke su a matsayin abin da aka hango ba. Haka nan wanda ya saye ta da fatan bi ta cikin baƙin rami ya leƙa wani sararin samaniya na daban da namu zai koma hannu rabbana, kuma ba laifinta ba ne: lissafin Kerr a takarda yana nuna hanyoyi zuwa wasu yankuna, amma babu wani awo da ya taɓa tabbatar da su.

Manhajar tana son katin hoto (ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hotuna) mai ƙarfi, kuma ƙaramar kwamfutar ofis za ta riƙa sarƙewa, musamman kusa da faifan gas ɗin. Babu Hausa a cikin harsunanta. Wanda yake son ya hargitsa falaki ya ga duniyoyi suna karo, wata manhajar mai suna Universe Sandbox ce ta fi dacewa da shi, domin a SpaceEngine kowace duniya tana bin hanyar da aka shata mata ne.