Na je neman furen Amurka, na dawo da shuwaka

Bayan ɗakina akwai wani lungu da inuwar bedi ta rufe, shekara da shekaru ba abin da ke fitowa sai ganyen da nake sharewa. 'Yata ce ta turo min hoton wani fure da ake kira asta, fari ƙanana-ƙanana, wanda ke fitowa da kansa a ƙarƙashin itatuwan dazukan gabashin Amurka. Daga Agusta zuwa Oktoba yake fure, lokacin da sauran furanni suka fara ƙarewa, shi ya sa ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ke rububinsa. Na ce ai ni ma irinsa nake so.

Da hoton a waya na je wurin wani mai sayar da dashe a hanyar Dutsin-ma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajiya, ba ni da shi, kuma ko da ina da shi ba zan sayar miki ba. Zafin Afrilu na Katsina zai cinye shi." Wannan maganar ce ta sa na yarda da mutumin, don da ya ga dama sai ya miƙo min wani abu ya karɓi kuɗi.

Shuwaka ya ba ni, tushe huɗu, da ɗoɗɗoya shida. Daga baya na gano ashe shuwaka da asta dangi ɗaya ne. Ya ce in dasa su a bakin inuwa inda hantsi ke taɓawa, in haƙa rami mai zurfi in zuba taki saboda saiwar bedi na shanye ruwa, kuma kada in riƙa tsinke kan shuwakar gaba ɗaya don miya, in bar mata ta yi fure.

Inda ban ji daɗi ba shi ne ƙasar cikin ledojin, laka ce zalla, ta daskare kamar bulo. Ɗoɗɗoya biyu sun mutu a makon farko. Kuma yawancin kayansa furannin ado ne na waje, namu na gida an tura su can baya kusa da randar ruwa.

Da hunturu ya shigo shuwakar ta fitar da fure fari-fari mai ƙamshi. Yanzu bayan asuba nakan ɗauki kujera 'yar tsugunno in zauna, zuma na ta shawagi a kai, kurciya biyu na shan ruwa a kaskon da na ajiye. Damina mai zuwa zan koma wurinsa neman lalle, amma da ƙasata zan je.