Kayan motsa jiki a ofis: wanne ya cancanci kuɗinka?

A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya bincika ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan. Ya tarar direbobi, da ke wuni a zaune, sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya, don su kwandastocin hawa da sauka suke yi a matakala har a tashi aiki. Mu ma'aikatan ofis direbobin ne, kwamfuta ce sitiyarinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Da wannan mudun za mu auna kayan da ake tallata mana.

Teburin da ake ɗagawa a yi aiki a tsaye shi ya fi ɗaukar ido. Yana rage wa ƙugu da wuya gajiya, wannan gaskiya ne. Amma tsayuwa wuri guda ba motsi ba ce, abin da jiki ke ƙonawa kaɗan ya ɗara na zama, kuma in ta yi tsawo sai ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe. In dai sai ka saya, ɗauki mai hannun juyawa, ka bar mai maɓallin lantarki, kar a ɗauke wuta teburin ya maƙale a sama.

Shimfiɗaɗɗen injin tafiya da ake turawa ƙarƙashin tebur ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, domin tafiya ce ta gaske. Sai dai yana da tsada, yana son tsayayyiyar wuta, yana da ƙara, kuma sai an haɗa shi da tebur mai ɗagawa, kashe kuɗi biyu ke nan. Ya dace da mai ofishinsa shi kaɗai ko mai aiki daga gida. Ka tambayi nauyin da yake ɗauka, da ko akwai mai gyaransa a garinku. A ɗakin da mutum shida ke zaune kuwa, rigima za ka sayo.

Fedar ƙarƙashin tebur ba ta cin wuta, ba ta da hayaniya sosai. Matsalarta gwiwa: auna tsayin teburinka tukuna, don dogon mutum zai yi ta bugun katako. Mai babbar riga ko abaya kuma sai ya tattare, kar ta naɗe. Ƙatuwar ƙwallon da ake zama a kai maimakon kujera, ni dai ban ba da shawararta ba.

Wadda nake so a fara da ita ita ce robar ja, wato doguwar roba mai talewa da ake ja da hannu. Ta fi kowanne araha, tana shiga aljihun tebur, kuma ita ce ke biyan bashin nan na ƙarfafa tsoka: ka taka tsakiyarta, ka ja bakinta biyu zuwa kafaɗa, ko ka riƙe ta a gaban ƙirji ka buɗe hannu har ka ji allon kafaɗa ya haɗe. Haɗa ta da takalmi mai laushin ƙasa, ka saita waya ta tashe ka. Wani binciken Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 2023 ya nuna tafiyar minti 5 duk bayan rabin awa tana sauko da sukari da hawan jini. Zuwa masallaci azahar da la'asar ma yana ciki, in ka bi matakala.

Wajen sayen robar, zaɓi saiti mai ƙarfi daban-daban, ka miƙe ta a haske ka duba tsagewa, kuma kar ka bar ta a mota, zafi yana cinye ta.